Finafinan Kaboyi ko Barkwancin su Chaplin: Wanne Ya Fi Cancanta a Koma Masa?

Bazazzagi: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ina da magana wadda na san ba za ta yi wa manyanmu daɗi ba, a yi mini afuwa. A ganina finafinan kaboyi sun tsufa, tsufan da ba kyau, alhali barkwancin su Charlie Chaplin da Buster Keaton, wanda ya girme wa yawancinsu, har gobe sabo ne. Ka kunna wa yaro ɗan shekara bakwai The Gold Rush na 1925, ko kalmar Turanci ɗaya bai sani ba, zai gane komai. Wurin da yunwa ta sa Chaplin ya dafa takalminsa, ya zauna yana tsotsar ƙusoshin yana naɗe igiyar a cokali mai yatsu, yaron zai yi dariya, kuma zai ji tausayi, don ya san yunwa. To ka kunna masa Stagecoach na 1939. Abin da zai ɗauka shi ne duk wanda ya ɓullo daga bayan dutse a kan doki yana kururuwa abin harbewa ne. Masu barkwanci sun tsaya da talaka, masu kaboyi sun tsaya da mai bindiga. Matsayina ke nan.

Kawu Na-Fagge: Wa alaikumus salam. Ɗana, ka yi wa buhu guda hukunci da tsaba ɗaya. Mu da muka yi layi a gidajen sinima na Plaza da Orion mun kalli kaboyi iri-iri, kuma na yarda akwai na banza da yawa, harbi daga farko har ƙarshe, a tashi ba a ƙaru da komai ba. Amma ka taɓa ganin The Ox-Bow Incident?

Bazazzagi: Ban gan shi ba, Kawu.

Kawu Na-Fagge: To zauna ka ji. Fim ne na 1943, William Wellman ya ba da umarni, Henry Fonda na ciki. Labari ya iso wani ƙaramin gari cewa ɓarayin shanu sun kashe wani mai garke. Sherif, wato shugaban 'yan sandan yankin, ba ya gari. Mutane suka hau dawakai cikin fushi, da dare suka tarar da mutum uku suna barci, ga shanun mutumin a kusa da su. Shugaban ukun ya rantse saya ya yi, sai dai ba a ba shi takardar ciniki ba. Ya roƙe su a kai su gaban alƙali, ko a aika a tambaya. Aka ce a kaɗa ƙuri'a, mutum bakwai kaɗai suka ce a jira shari'a. Da asuba aka rataye su ukun. A hanyar komawa suka haɗu da sherif, ya ce musu mai shanun yana nan da ransa, kuma an riga an kama waɗanda suka harbe shi.

Babu jarumin da ya zo ya ceci kowa. Fonda ma yana cikin bakwai ɗin, bai iya hana komai ba. Yanzu ka gaya mini, a ƙasar da ake ihun ɓarawo a kasuwa kafin a tambayi mutum sunansa an rufe shi da duka, wane fim ya fi wannan dacewa a nuna wa matasa? Kuma wannan fim ɗin kaboyi ne tsantsa, da dawakai da malafa da igiya.

Hajiya Maman Yara: Innalillahi. Kawu, ko a baki da ka ba da shi jikina ya yi sanyi.

Ɗan Jami'a: Kawu, ranka ya daɗe, misalinka ya yi ƙarfi, amma ina ganin Yaya Bazazzagi ya taɓo wurin da ciwon yake. Ƙasar da ake wannan sukuwa a kanta tana da masu ita. Apache, Comanche, Cheyenne, Lakota, Navajo, duk al'ummu ne da harsunansu da shugabanninsu. An ƙulla yarjejeniya da su an karya, an kore su zuwa keɓaɓɓun yankuna, an karkashe ɓaunar da suke rayuwa a kanta daga miliyoyi har ta kusa ƙarewa kafin 1890. A ƙarshen wannan shekarar ce sojojin Amurka suka kashe 'yan Lakota a Wounded Knee, har da mata da yara. Sai aka zo aka yi ta finafinai inda su ne maharan, mai ƙwace ƙasar kuma shi ne wanda aka zalunta.

Dubi The Searchers na 1956, wanda masana da yawa ke sa shi a sahun gaba. John Ford ya ɗauke shi a Monument Valley, kan iyakar Arizona da Utah, ƙasar Navajo ce. 'Yan Navajo aka sa suka fito a matsayin Comanche, shugabansu kuma aka ba Henry Brandon, Bature haifaffen Jamus. Haka nan masana tarihi suna kiyasin kusan ɗaya cikin huɗu na makiyayan da suka riƙa kora shanu daga Texas baƙaƙen fata ne, ga 'yan Meziko da yawa waɗanda a wurinsu aka koyi sana'ar tun farko. A allon sinima ina suke? Iyayenmu sun biya kuɗi sun tafa wa labarin da aka goge mutane irinsu daga ciki.

Kawu Na-Fagge: Ban musa tarihin ba, ɗana. Amma The Searchers da ka ambata, ka kalle shi da kyau? John Wayne a ciki ba mutumin kirki ba ne. Shekaru yana neman 'yar ɗan'uwansa da aka sace, kuma da ya ga ta zama Comanche niyyarsa ya kashe ta. Ford bai ɓoye ƙiyayyar da ke cin mutumin ba. A ƙarshe kowa ya shiga gida, shi ya tsaya a bakin ƙofa, ya juya ya tafi, aka rufe. Darakta yana gaya maka irin wannan mutum ba shi da mazauni a cikin iyali.

Ɗan Jami'a: Haka ne, Kawu, amma kyamara tana tare da shi daga farko har ƙarshe. Zafin zuciyarsa muke ji. Zafin zuciyar shugaban Comanche da aka kashe wa 'ya'ya kuwa, a jimla ɗaya aka taɓo shi a fim ɗin gaba ɗaya. Ford ya yi ƙoƙarin gyara daga baya, ya yi Sergeant Rutledge a 1960 da Woody Strode, baƙar fata, a tsakiyar labarin, ya yi Cheyenne Autumn a 1964. Amma ko a wannan na ƙarshen manyan shugabannin Cheyenne ba 'yan asalin ƙasar ne suka fito a matsayinsu ba.

Mai Kyamara: Ku ba ni dama in shigo ta ɓangaren sana'a, don ni da ɗaukar hoto nake ci. Duk wanda zai riƙe kyamara ya ce ba ruwansa da kaboyi, ya cuci kansa. Farkon Once Upon a Time in the West na Sergio Leone, 1968, mutum uku ne ke jiran jirgin ƙasa a wata tasha da ba kowa. Fiye da minti goma babu kiɗa, magana ma kusan babu. Ƙarar farfelar famfon iska, ɗigon ruwa a kan malafa, ƙuda yana damun ɗaya a fuska. Amma ba za ka iya ɗauke ido ba. Leone yakan nuna maka fili mai faɗi, mutum ya zama ɗan ɗigo, sai nan take ya cika allo da idanu biyu. A wannan fim Ennio Morricone ya rubuta kiɗan tun kafin a fara ɗauka, ana kunna shi a wurin aiki, 'yan wasa suna tafiya daidai da shi. Mu nan sau da yawa sai an gama tace hoto ake neman kiɗan da za a liƙa.

Kuma abin sha'awa, yawancin finafinan kaboyi irin na Leone ba a Amurka aka yi su ba. 'Yan Italiya ne, suna ɗauka a hamadar Almeria ta ƙasar Sifaniya, da kuɗi kaɗan. A Fistful of Dollars na 1964 kuwa labarin Yojimbo ne na Akira Kurosawa, fim ɗin Japan na 1961, aka ɗauka ba izini, har kamfanin Toho, masu Yojimbo, suka kai ƙara aka biya su.

Bazazzagi: Malam Mai Kyamara, na ji. Amma in sana'a ce, Keaton fa? A Steamboat Bill Jr. na 1928 fuskar gida sukutum ta faɗo masa yana tsaye, ya tsira ta ɗan ramin taga. Bangon gaske ne mai nauyi, ba dabarar kwamfuta, da ya goce kaɗan shi ke nan. A Sherlock Jr. na 1924 ruwan tankin jirgin ƙasa ya maka shi a kan dogo, wuyansa ya tsage, bai sani ba sai bayan shekaru da likita ya ɗauki hoto. A The General na 1926 ya sa aka tura kan jirgin ƙasa na gaske bisa gadar da ke ci da wuta a jihar Oregon, ya rufta cikin kogi. Ɗauka ɗaya, ba maimaici. Harold Lloyd da yake lilo a jikin hannun agogo a Safety Last! na 1923, babban yatsa da manuni na hannunsa na dama babu, bam ɗin wasa ya cire su tun 1919, safar hannu ya sa ya rufe.

Mai Kyamara: Ai ban ce Keaton baya ba ne. A wurina ma ya fi Chaplin sanin inda ake ajiye kyamara. Chaplin yakan kafa ta wuri guda ya yi wasa a gabanta, don shi ɗan dandamali ne tun yana yaro a Landan. Keaton kuwa da kyamarar kanta yake haɗa dariyar. Yakan ja baya ya nuna maka mutum da haɗarin a hoto ɗaya, ba yanka, don ka tabbata da gaske ne. Abin takaici shi ne da ya shiga kamfanin MGM a 1928 aka ƙwace masa ikon tsara aikinsa, daga nan tauraronsa ya dusashe.

Ɗan Jami'a: Yaya Bazazzagi, tunda na goyi bayanka ɗazu, bari in yi adalci. The General da kake yabo, jarumin yana ɓangaren Kudu ne a yaƙin basasar Amurka, wato ɓangaren da ya yi yaƙi don a ci gaba da bautar da baƙaƙe, kuma fim ɗin ko sau ɗaya bai ɗaga zancen ba. A College na 1927 Keaton ya shafa baƙi a fuska don a yi dariya. In za mu auna kaboyi da wannan mudu, dole mu auna masu barkwanci da shi.

Bazazzagi: Wannan aibi ne, kuma ban kare shi ba. Amma bambancin shi ne, a barkwanci in ka cire wannan fitowar fim ɗin yana nan tsaye. A kaboyi da yawa ƙwace ƙasar shi ne ginshiƙin labarin, in ka cire shi ba abin da ya rage. Sannan ka nuna mini daraktan kaboyi ɗaya da ya yi abin da Chaplin ya yi a 1940. Amurka ba ta shiga yaƙi ba tukuna, manyan kamfanoni suna tsoron rasa kasuwa, shi ya zuba kuɗinsa ya yi The Great Dictator ya mai da Hitler abin dariya, ya fito kuma a matsayin Bayahude mai aski da ake tsananta wa. Kafin nan a Modern Times na 1936 ya nuna ma'aikacin masana'anta da ake ƙara wa injin gudu har hankalinsa ya gushe. Duk wanda ya taɓa aikin kamfani a Bompai ko Kakuri zai gane wannan ba sai an fassara masa ba.

Hajiya Maman Yara: Ni bari in faɗi nawa a matsayin uwa. The Kid na 1921 na kalla da yarana. Wurin da jami'ai suka zo ɗauke yaron zuwa gidan marayu, yana bayan mota yana miƙa hannu yana kuka, Chaplin yana bi ta kan rufin gidaje, babu wanda bai yi hawaye ba a ɗakin. Da na ji cewa shi kansa an kai shi gidan gajiyayyu yana ƙarami, mahaifiyarsa kuma ta yi fama da taɓin hankali, sai na gane daga ina abin ya fito.

Amma ƙanena Bazazzagi, ba duk barkwancin da ake kira na gargajiya ba ne zan kunna a falo. Some Like It Hot na Billy Wilder, 1959, maza biyu ne cikin kayan mata kusan fim ɗin gaba ɗaya, ga shigar Marilyn Monroe. Ana yabonsa, amma ba da yara ba. The Apartment na 1960 kuwa, shi ma na Wilder, na manya ne, sai dai ya taɓa ni ƙwarai: ƙaramin ma'aikaci yana ba manyansa makullin ɗakinsa suna kai mata, shi kuma ana ƙara masa girma. Fim ɗin bai yi wa abin ado ba, ya nuna yadda yarinyar da shugabansa ke kaiwa ɗakin ta kusa hallaka kanta, ya nuna ranar da mutumin ya ƙi ba da makullin ɗakinsa ya bar aikin. Wilder ya gudu daga Jamus a 1933, mahaifiyarsa ta mutu a hannun 'yan Nazi. Ina ganin shi ya sa dariyarsa take da ɗaci a ƙasa.

A kaboyi kuwa mace ko malamar makaranta ce mai jiran a cece ta, ko ta mashaya. High Noon ne kaɗai na tuna inda matar ta ɗauki bindiga ta ceci mijin.

Kawu Na-Fagge: Madalla da kika ambaci High Noon, Hajiya, don shi ne amsar tambayar Bazazzagi. 1952, Fred Zinnemann. Gary Cooper yana bin gari gida-gida, har coci, yana neman wanda zai tsaya masa kafin jirgin tsakar rana ya kawo mai neman ransa. Kowa ya kawo uzuri. Wanda ya rubuta labarin, Carl Foreman, a daidai lokacin kwamitin majalisar Amurka ya kira shi ya ba da sunayen waɗanda ake zargi da kwaminisanci, ya ƙi, aka hana shi aiki, ya koma Ingila. Abokansa da suka juya masa baya su ne mutanen garin nan. A wannan shekarar ce kuma aka soke wa Chaplin izinin komawa Amurka yana cikin jirgin ruwa, ya je ya zauna a Suwizalan, bai sake taka ƙasar ba sai 1972. Ka ga guguwa ɗaya ta kwashe mai barkwanci da marubucin kaboyi.

Mai Kyamara: Kuma John Wayne da Howard Hawks sun ƙi jinin High Noon, suka yi Rio Bravo a 1959 a matsayin martani, inda sherif ba ya roƙon kowa, shi ke ma ƙin taimakon waɗanda ba su ƙware ba. Wannan Hawks ɗin shi ya yi Red River a 1948, kuma shi ya yi Bringing Up Baby a 1938 da His Girl Friday a 1940, barkwancin da 'yan wasa ke magana a kan maganar juna da gudu. Mutum ɗaya, hannu ɗaya. Shi ya sa raba su gida biyu da muke yi bai cika zauna mini ba. Sanin daƙiƙar da za a zaro bindiga da sanin daƙiƙar da za a saki abin dariya, ilimi ɗaya ne na auna lokaci.

Ɗan Damagaram: Salamu alaikum, ina biye da ku tun ɗazu. Wannan gardamar an yi ta a Nijar da kyamara tun 1966. Moustapha Alassane ya yi wani gajeren fim, Le Retour d'un aventurier. Wani saurayi ya dawo daga Amurka da akwati cike da kayan kaboyi, ya raba wa abokansa, kowa ya ɗauki sunan Turawa, suka hau dawakai suka shiga addabar ƙauyensu da faɗa da sata, har abin ya kai ga zubar da jini. 'Yar wasan Nijar Zalika Souley tana cikinsu. Akwai dariya a ciki, amma tambayar da yake yi ita ce ta Bazazzagi: me waɗannan finafinai suke zuba wa samarinmu a kai? Kuma da sigar kaboyin ya yi tambayar, wato shi ma Kawu ya samu nasa.

Ɗan Jami'a: Wallahi ban san da wannan ba, Malam. Na gode.

Ƙanwar Zaure: Ni dai Indiya na tashi da kallo, ban san kaboyi ba sam. Ku yi haƙuri da tambayar yarinta, wai Sholay ma kaboyi ne? Wani ya taɓa gaya mini haka.

Mai Kyamara: Ƙanwata, ba tambayar yarinta ba ce. Sholay na Ramesh Sippy, 1975, jikan kaboyi ne. A ɗauko 'yan bindiga su kare ƙauye daga 'yan fashi, wannan ya bi ta The Magnificent Seven na 1960, wanda shi ma daga Seven Samurai na Kurosawa, 1954, aka ɗauko shi. Fitowar da Gabbar Singh ya kashe iyalin Thakur kuwa, duk wanda ya ga fim ɗin Leone na 1968 zai gane inda aka koyo ta. Ta ɗaya ɓangaren ma haka ne: Raj Kapoor a Shree 420 na 1955, da 'yar hularsa da tafiyarsa, Chaplin yake bi. Ke nan kin sha daga rijiyoyin biyu ta hannun Indiya.

Kawu Na-Fagge: Saura abu ɗaya da nake so yaran nan su duba, Shane na 1953, na George Stevens. Rikicin masu garke ne da manoman da suka zo suka kafa shinge a inda shanu ke kiwo da shan ruwa. Akwai wurin da mai garken ya tsaya ya faɗi nasa, cewa shi ya riga su zuwa, ya sha wuya kafin wurin ya zaunu, yanzu an tare masa ruwa. Manomin ma ya faɗi nasa, cewa gwamnati ta ba shi filin. Kowa da hujjarsa, hukuma tana nesa, sai aka ɗauko ɗan bindigar haya. Ba sai na ce muku ga abin da wannan ke tuna mini ba.

Ɗan Jami'a: Kawu, a yi hattara da kwatancen. Labarin ya samo tushe daga rikicin gundumar Johnson a Wyoming, 1892. Can masu shanun attajirai ne masu ƙungiya da kunnen gwamnati, suka yi hayar 'yan bindiga daga Texas da jerin sunayen waɗanda za a kashe. Da mutanen gari suka kewaye su, shugaba Benjamin Harrison ya tura sojoji suka fitar da su, kuma a ƙarshe ba wanda aka hukunta. Makiyayin da aka cinye wa burtali a nan ba shi ne wancan attajirin ba. Abin da ya yi kama shi ne rashin alƙalin da ɓangarorin biyu suka yarda da shi. Kuma ko a jawabin mai garken nan, waɗanda ya kora kafin ya zauna, a matsayin cikas kawai ya ambace su.

Bazazzagi: Shi ne abin da nake faɗa tun farko. Ko a mafi kyawunsu, mai ƙasar na asali yana bayan fage. Zan nemi Ox-Bow in kalla saboda Kawu, amma yarana da Chaplin za su fara, kaboyi sai sun kai shekarun da zan iya zama in ba su tarihin Wounded Knee kafin a kunna.

Kawu Na-Fagge: Wannan sharaɗin ban ƙi shi ba, in dai za ka ba su tarihin da gaske, ka kuma haɗa musu da Unforgiven na Clint Eastwood, 1992, in sun girma, su ga yadda kisa yake da nauyi a wuyan wanda ya yi shi. Malam na Damagaram, fim ɗin Alassane da Faransanci yake? In akwai inda ake samunsa da fassara, don Allah ka turo mana nan zauren, ina so in gan shi kafin Juma'a.